Ƙarin mahaifa: a cire ƙarin ne, ko a cire mahaifar?

Idan likita ya duba takardar sikanin ya ce, "Hajiya, kina da faibroid," abin da ke shiga kunnen mace daban ne. Ita dai abin da ta ji shi ne za a cire mata mahaifa. Sai ta naɗe takardar ta cusa a jaka, ta ce za ta je ta yi shawara da maigida. Ba za a ƙara ganin ƙeyarta ba sai bayan shekaru, lokacin da ciki ya kai na mai wata bakwai, tafin hannu ya yi fari fat, hawa ɗan tudun Gangare ma sai ta tsaya ta huta. A lokacin nan aikin da da zai zo da sauƙi ya zama babba, mahaifar da ake gudun rasawa kuma ceto ta ya yi wuya. An gudu ba a tsira ba. A ganina, a garin nan na Jos, tsoron cire mahaifa yana cikin manyan abubuwan da ke kai mata ga cire ta.

Ƙarin mahaifa, wato faibroid, dunƙulen tsoka ne da ke fitowa daga jikin naman mahaifar kanta. Ba ƙwayar cuta ke kawo shi ba, ba a ɗaukarsa daga miji ko daga banɗaki. Sinadaran jikin mace guda biyu, istirojin da furojestaron, su ke ciyar da shi, shi ya sa ba a ganin sa kafin balaga, kuma yakan motse bayan al'ada ta ɗauke. Yawansa ya wuce yadda ake zato. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2003, inda aka yi wa mata sikanin ko da ba su kawo wani ƙorafi ba, ya nuna cewa kafin shekara 50 sama da kashi 80 cikin 100 na baƙaƙen fata suna da shi, farare kuma kusan kashi 70. Mu baƙaƙe ya fi kama mu da wuri, ya fi yawa, ya fi girma. Fara al'ada da wuri, ƙiba, rashin haihuwa, da samun uwa ko 'yar'uwa mai shi, duk suna ƙara yiwuwar samunsa. Amma mafi yawan masu ɗauke da shi ba su ma san da shi ba, kuma za su rayu har tsufa bai dame su ba.

Inda ƙarin ya zauna ya fi girmansa muhimmanci, wannan kuwa abu ne da ba kasafai ake yi wa mata bayaninsa ba. Akwai wanda ke tsirowa ta cikin ramin mahaifa, wurin da jariri ke kwanciya. Wannan ko santimita 2 ne kacal yana iya sa mace zubar jini guda-guda, ya hana ciki shiga ko ya jawo ɓari. Akwai wanda ke cikin kaurin bangon mahaifa. Akwai kuma wanda ke fitowa ta waje, wani lokaci ma yana reto da ɗan wuya. Shi wannan yana iya kai santimita 10 bai taɓa al'ada ba, sai dai ya danne mafitsara mace ta riƙa yawan fitsari, ko ya danne hanji ya kawo taurin bayan gida. Don haka mata biyu masu takardar sikanin da ta ce faibroid, ba lallai ba ne maganinsu ya zo ɗaya. Hajiya Wance an yi mata aiki ta warke, ba hujja ba ce a kanki.

Mutanenmu suna da nasu fassarar. Ciki ya girma, ana jin abu mai tauri a mara, wata tara ta wuce ba haihuwa, sai a ce kwantaccen ciki ne, a shiga neman maganin tada shi. Wata a ce mata sammun kishiya ne, wata a ce iska. Sikanin na minti kaɗan yana raba wannan gardama. Haka nan macen da jininta ke zarce kwana 15, iyakar haila a mazhabar Malikiyya, takan je wa malam da tambayar salla da azumi, a ce mata jinin ciwo ne. Amsar daidai ce ta fuskar ibada, amma tunda an ce ciwo, saura a je a nemo ciwon.

Batun kansa fa? Ƙarin mahaifa ba kansa ba ne. Akwai wata kansar tsokar mahaifa da ke iya yin kama da shi a sikanin, amma ba ta da yawa. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ƙiyasta a 2014 cewa mace 1 cikin 350 da aka yi wa aiki da sunan ƙari ake samun ta da ita, wasu binciken kuma sun samu ƙasa da haka sosai. Inda ake tsayawa a duba da kyau shi ne ƙarin da ke ci gaba da girma bayan al'ada ta ɗauke, ko jinin da ya dawo bayan ɗaukewarta. Wannan ba a kwana da shi.

Zaɓi na farko, wanda ba a cika ɗaukarsa a matsayin magani ba, shi ne a ƙyale shi. Macen da aka tsinci ƙarin a jikinta wajen sikanin wani abu daban, al'adarta daidai, ba ciwo, ba ƙarancin jini, ba ta buƙatar ƙwaya ko wuƙa. Ta riƙa komawa ana aunawa lokaci-lokaci. Wadda ta kai shekara 48 ma, idan damuwar ba ta yi tsanani ba, tana iya lallaɓawa da magani har al'ada ta ɗauke, ƙarin ya ja da baya da kansa. Ƙyalewa da sanin likita daban, ɓuya daban.

Magunguna kashi biyu ne: masu rage jini, da masu motsar da ƙarin na ɗan lokaci. A kashin farko akwai tiranekzamik asid, ƙwayar da ake sha a kwanakin al'ada kawai, ba ta hana ɗaukar ciki, amma ba ta dace da wadda jini ya taɓa daskare mata a jijiya ba. Akwai dangin Brufen masu rage ciwo da ɗan rage jini, sai dai mai gyambon ciki ta yi hattara. Akwai ƙwayoyin tazarar haihuwa, da robar Mirena da ake sakawa cikin mahaifa, wadda ke rage jini sosai har shekara 5, amma idan ƙarin ya lanƙwasa ramin mahaifar tana iya zamewa ta fito. Duk waɗannan ba sa taɓa girman ƙarin. Kuma duk wadda ke zubar jini tana buƙatar maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, na watanni, ba na mako guda ba. Zogale da hanta da alayyafo suna taimakawa, amma ba za su cike abin da ke zuba kowane wata ba.

Kashi na biyu su ne allurai irin su Zoladex, da ake yi a fatar ciki wata-wata. Suna kwantar da aikin gidan ƙwai, jiki ya shiga yanayin wadda al'adarta ta ɗauke. Jini ya tsaya, ƙarin ya ragu da kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi a wata 3. Daɗin bai cika ba, domin akwai zafin jiki mai tasowa kwatsam, da gumin dare, da raguwar ƙarfin ƙashi, shi ya sa ba a wuce wata 6 sai an haɗa da wani maganin kariya. Da an daina, cikin watanni ƙarin ya koma yadda yake. Amfaninsu na gaskiya shi ne shirya mace kafin aiki, jininta ya hau, ƙarin ya ragu. A 2021 Amurka da Turai sun amince da ƙwayar relugoliks haɗe da wasu sinadarai, mai irin wannan aiki da ake iya sha tsawon lokaci, amma tana da tsada kuma samunta a nan ba sauƙi. Akwai kuma darasin Esmya, maganin da aka yi ta yabo a Turai har aka dakatar da shi a 2020 saboda ya lalata hantar wasu mata, daga baya aka dawo da shi da sharuɗɗa masu tsauri.

Wannan darasin ya kamata mu riƙe idan muka ji masu talla a rediyo da Facebook da TikTok suna cewa suna da garin da ke narkar da faibroid cikin mako biyu. Maganin da aka gwada a kan ɗaruruwan mata, hukumomi suka sa masa ido, sai da ya nuna illa daga baya, ina ga wanda ba a san abin da ke cikin jarkar ba? Babu wani jiƙo ko gari da aka tabbatar yana narkar da ƙarin mahaifa. Gudajin da mace ke gani suna fita bayan ta sha, jini ne da ya daskare. Lambar NAFDAC a jikin maganin gargajiya ma ba shaidar yana warkarwa ba ce. Asarar kuɗin ba ita ce babbar asara ba, shekarun da ake ɓatawa ne, musamman ga mai neman haihuwa da shekarunta ke tafiya.

Sai aikin cire ƙarin a bar mahaifa, wanda shi ne akasarin mata ke so, kuma shi ne daidai ga duk mai fatan haihuwa. Wani likitan Ingila, Victor Bonney, shi ya tsaya kai da fata a kan wannan aiki a farkon ƙarni na 20, bayan an cire wa matarsa mahaifa saboda ƙari tun ba su samu haihuwa ba. Hanyoyin yin sa uku ne. Idan ƙarin yana cikin ramin mahaifa kuma bai girma ba, ana shiga ta gaba da siririyar kyamara a kankare shi, ba yanka, mace ta koma gida a ranar ko washegari. Idan ba su da yawa kuma girmansu madaidaici ne, ana iya huda ciki wuri uku ko huɗu a yi da kyamara. Idan sun yi yawa ko sun yi girma, sai an buɗe ciki, kwana 3 zuwa 5 a gadon asibiti, mako 4 zuwa 6 kafin a koma aiki mai nauyi. A ƙasar nan buɗe cikin ya fi yawa, saboda ƙarancin kayan aiki da kuma girman da ƙarin ke yi kafin a zo. Wadda ta zo da wuri ita ke da zaɓi.

Babban abin tsoro a wannan aiki jini ne. Wani lokaci yakan fi cire mahaifa gaba ɗaya zubar da jini, domin kowane ƙari aka ɓanɓaro sai ya bar rami da za a ɗinke. Likitocinmu suna da dabarar ɗaure jijiyoyin mahaifa da robar fitsari yayin aikin, kuma tana rage zubar sosai. Duk da haka za a ce a kawo jini leda biyu ko fiye a ajiye, kuma ba za a shiga da macen da PCV ɗinta, wato ma'aunin yawan jininta, ya faɗi ba sai an ɗaga shi. A nan ne ake kawo takardar da ke firgita mutane, wadda ke cewa idan jini ya ƙi tsayawa an yarda a cire mahaifar. Mata da yawa daga nan suke tserewa, suna ganin dabara ce. Ba dabara ba ce. Abin ba ya yawan faruwa, amma idan ya faru, mace tana cikin barci, babu halin tashe ta a tambaye ta, kuma rai ake ƙoƙarin tsarewa. Likitan da bai ambaci wannan ba kafin aiki shi ne abin tsoro.

Abu na biyu da ya kamata a sani, ƙarin yana dawowa. Kamar tonon dankali ne a gonakin Bokkos, ko yaya aka tsefe kunya, sai an bar ƙanana cikin ƙasa. Cikin shekara 5, kusan rabin matan da aka yi wa aikin sikanin yakan sake nuna wani, ko da yake ba duka ke damuwa har a sake aiki ba. Mai ƙari ɗaya ta fi samun hutu a kan wadda aka cire wa 20. Aiki na biyu kuma ya fi na farko wuya, saboda hanji da kitsen ciki kan manne wa tabon. Wadda ta yi aikin don haihuwa, likita zai ce ta jira wata 3 zuwa 6, daga nan kada ta yi jinkiri. Idan yankan ya ratsa har ramin mahaifa, yawanci haihuwar da za ta biyo baya ta tiyata ce, don kada tabon ya yage wajen naƙuda. Wannan mace ba ta haihuwa a gida, ko ungozomar unguwa ta kai ƙwarewa. Kuma kafin a ɗora wa ƙari laifin rashin haihuwa, a duba hanyoyin ƙwai, a gwada maniyyin maigida. Sau nawa aka yanka mace alhali matsalar tana ɗaki ɗaya da ita, sanye da hula?

Akwai hanyoyi biyu na tsaka-tsaki. Ɗaya ita ce toshe jijiyoyin da ke kai wa ƙarin jini, ta hanyar zura siririn bututu daga cinya ko wuyan hannu. Likitan Faransa Jacques Ravina ya wallafa ta a 1995. Ƙarin yakan motse, jini ya ragu, a koma gida da wuri, sai dai akwai ciwo mai tsanani a kwanakin farko. Wani bincike a Holan ya bi matan da aka yi wa har shekara 10, kusan kashi biyu cikin uku sun tsira da mahaifarsu, sauran sai da aka cire daga baya. Wani kuma a Birtaniya, a kan mata 254, da aka wallafa a 2020, ya nuna toshe jijiyoyin da cire ƙarin duk suna taimakawa, amma waɗanda aka cire wa ƙarin sun ɗan fi jin daɗin rayuwa bayan shekara 2. Ga mai neman haihuwa, cire ƙarin aka fi ba da shawara. Ɗayar hanyar ita ce ƙona ƙarin da zafin sautin na'ura ba tare da yanka ba. Ba kowane ƙari take kamawa ba. Duka biyun sai manyan cibiyoyi 'yan ƙalilan, galibi masu zaman kansu, kuma aljihu zai ji a jikinsa.

Cire mahaifa shi kaɗai ne maganin da ƙari ba ya dawowa bayansa. Ba al'ada, ba zubar jini, ba haihuwa kuma har abada, kuma ba a mayar da ita. Saboda haka bai kamata a yi wa mai shekara 30 da ba ta haihu ba tayinsa a zaman farko ba. Idan aka yi, ta nemi ra'ayin wani ƙwararren likitan mata, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) da ke Lamingo, ko Asibitin Ƙwararru na Filato, ko Asibitin Jankwano, ko ma ta gangara Babban Asibitin Ƙasa a Abuja. Neman ra'ayi na biyu ba raini ba ne.

Amma fa akwai ɗaya gefen, kuma ba a cika faɗar sa ba. Mace mai shekara 44, 'ya'ya 6, ƙari ya cika mahaifa ta ko'ina, an ƙara mata jini sau biyu, kowane wata kwana 10 ba ta iya fita kasuwa, ba ta iya zama a gidan biki don tsoron ɓata kujera. Me za a tsare mata da barin mahaifar? A yanka ta a cire ƙari 30, ta zubar da jini, bayan shekara 4 a sake yanka ta? Ga irin wannan, cire mahaifa sau da yawa shi ne aikin da ya fi sauƙi kuma ya fi aminci, kuma matan da aka yi wa saboda irin wannan wahala galibi cewa suke yi da sun sani da tuni sun yi. Abin da ke riƙe su ba likitanci ba ne, maganar mutane ce: za a ce ta zama fanko, miji zai juya mata baya, kishiya za ta samu abin gori.

Mafi yawan wannan tsoro ya fito ne daga haɗa mahaifa da gidan ƙwai. Sinadaran da ke riƙe jikin mace daga gidajen ƙwai biyu suke fitowa, ba daga mahaifa ba. Idan an bar su, jiki yana ci gaba da aikinsa, sai dai lokacin tsayawarsu kan ɗan matso kusa. Farji yana nan yadda yake, kuma bincike ya sha nuna cewa zaman aure yakan ci gaba kamar da, ko ma ya gyaru tunda jini da ciwo sun kau. Idan kuwa aka haɗa da gidajen ƙwai kafin lokacinsu, mace takan faɗa yanayin ɗaukewar al'ada dare ɗaya, ƙashi ya yi rauni, haɗarin ciwon zuciya ya ƙaru. Binciken da aka yi a kan ma'aikatan jinya sama da 29,000 a Amurka, wanda ya fito a 2009, ya nuna waɗanda aka bar musu gidajen ƙwai sun fi tsawon rai. Don haka sai da dalili ake cire su, kamar ciwo a jikinsu ko tarihin kansar nono da ta gidan ƙwai a dangi. Bututun ƙwai kuwa yanzu likitoci da yawa suna cire su tare da mahaifa, don hakan yana rage haɗarin kansar gidan ƙwai. Wannan magana ce da ake yi kafin a shiga ɗakin tiyata: "Likita, gidajen ƙwaina fa, za a bar min su?"

Ba aiki ba ne marar haɗari. Akwai zubar jini, ruɓewar ciwo, daskarewar jini a ƙafa, da raunata mafitsara ko bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda, wanda ke iya barin mace da yoyon fitsari. Mutanen Jos sun san wahalar wannan lalura, ko don matan da ke zuwa cibiyar gyaranta a Jankwano daga jihohi masu nisa. Girman ƙarin yana ƙara wannan haɗari, haka ma hannun da bai ƙware ba. Wanda zai yi aikin, da wurin da za a yi shi, da ko akwai ajiyar jini da ƙwararren mai sa barci, sun fi arahar kuɗi muhimmanci. Mai inshorar lafiya ta NHIA ko PLASCHEMA ta fara tambayar abin da tsarinta ya ɗauka kafin a kai ga sayar da fili.

Maigida yana da wuri a wannan shawara, kuma gara ya shiga ɗakin likita ya ji da kunnensa a kan a kai masa labari guntu-guntu, ga gwaggo ga inna kowa da fatawarta. Amma mai zubar da jinin ita ce ta san abin da take ji, sa hannun da ba a aiki sai da shi kuma nata ne. "Bari mu ga bayan salla" da "bari albashi ya shigo" sun sa ƙari da yawa sun ninka.

Bayan aiki, kowane iri aka yi, abin da aka ciro ba na nuna wa dangi a roba ba ne kawai. Dole a kai shi ɗakin gwaji a duba da madubin likita, kuma a koma a karɓi sakamakon, domin ta nan kaɗai ake tabbatar da cewa ƙari ne zalla. Mace ta kuma tambaya ko an cire har da bakin mahaifa ko an bar shi. Idan an bar shi, tana iya ganin ɗan ɗigon jini wata-wata, kuma gwajin kansar bakin mahaifa yana nan a kanta kamar kowace mace.